Waiwaye: Yadda tururin nukiliya ke dusashe wayar faiba

A 1966 ne Charles Kao da George Hockham suka nuna a Ingila cewa haske zai iya ɗaukar saƙo cikin zaren gilashi, wato faiba, muddin aka tace gilashin sosai. A 1970 kamfanin Corning na Amurka ya fitar da zaren da ya cika sharaɗin. Sojoji da masu harkar nukiliya suka yi maraba da shi, don maganaɗisu da wutar lantarki ba sa rikita saƙonsa kamar yadda suke yi wa wayar tagulla, kuma ba ya tartsatsi.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Tun cikin shekarun 1970, masana a cibiyar binciken sojan ruwan Amurka, irin su David Griscom da Joseph Friebele, suka dukufa kan wata matsala: zaren yana dusashewa idan hasken gamma, wani nau'in tururin nukiliya, ya ratsa shi. Tururin yakan fizge ilektaron daga mazauninsa, ya bar tabo a cikin gilashin, tabon kuma ya riƙa shanye haske. Gilashin da ke garau sai ya koma ruwan ƙasa, kamar fitilar ƙwai da hayaƙi ya turnuƙe. A ganina nan haɗarin yake. Wayar da ta tsinke kowa zai gane, amma wadda ke dusashewa sannu a hankali tana iya sa na'urar auna zafi ta ba da lissafin ƙarya, ma'aikaci kuma ya yarda da shi.

Bincike ya nuna cewa yawancin laifin na sinadaran da ake gaurayawa da gilashin ne. Zaren da ke da fosfaras shi ya fi saurin baƙi. Na jamaniyam, wanda aka fi amfani da shi wajen intanet, yana tsaka-tsaki. Zallar silika (ainihin sinadarin gilashi) da wadda aka sa wa fulorin su suka fi juriya, kuma cusa iskar haidurojin cikin zaren na rage ɓarnar. Wani tabon yakan warke da kansa idan zaren ya ɗumama ko haske mai ƙarfi ya bi ta cikinsa, shi ya sa sanyi mai tsanani ke ƙara dagula lamarin.

Kafin LHC, babbar na'urar gwara ƙananan ƙwayoyin zarra ta cibiyar binciken nukiliya ta Turai, CERN, a iyakar Suwizalan da Faransa, ta fara aiki a 2008, sai da aka gwada zaruruwa iri-iri, aka zaɓi mai fulorin don wuraren da tururin ya fi yawa. Daga baya CERN ɗin ta mayar da aibin fosfaras amfani: ta shimfiɗa zarensa da gangan, yawan baƙin da ya yi a kowane wuri ya zama ma'aunin tururin da ya sauka a nan.

Jarrabawa mafi wuya tana tafe a ITER, tashar gwajin samar da makamashi ta hanyar haɗe ƙwayoyin zarra, wadda ake ginawa a Cadarache, kudancin Faransa. Can zaren faiba zai auna wutar da ke gudana cikin falasma (iskar gas mai tsananin zafi da ke ɗauke da lantarki), ga zafi, ga gamma, ga ƙwayoyin nutiron da ke takure gilashin kansa har ya sauya yadda haske ke bi ta cikinsa.