Waiwaye: Gardamar Gudu Ta Girmi Mota

Duk lokacin da aka yi mummunan hatsari a babbar hanya, musamman a jajibirin salla ko ƙarshen shekara, gardama ɗaya ce take dawowa a tashoshin mota da gidajen rediyo. Wasu su ce laifin ramuka ne, wasu su ce tsofaffin tayoyi ne da lodin da ya wuce kima, wasu kuma su ɗora wa gudun wuce sa'a. Tun da aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu a Najeriya a 2017, direbobi da yawa suke kawo hujja biyu: cewa tafiyar hawainiya a wasu hanyoyin miƙa kai ne ga 'yan fashi, da cewa tsakanin gudun kilomita 100 da 120 a awa babu wani bambanci a hannun ƙwararren direba. Hujjar farko magana ce ta tsaro, kuma tana da nauyinta. Ta biyun tambaya ce ta kimiyya, wadda masana suka yi ta kai ruwa rana a kanta tun babu mota a duniya.

Farkon labarin sananne ne. Aristotle, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya koyar da cewa abu ba ya ci gaba da tafiya sai da mai tura shi, aka kuwa daɗe a kan haka. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, yana cikin waɗanda suka ga cewa abin da aka jefa yana ɗauke da wani karkata a cikinsa, wanda ba ya ƙarewa da kansa sai wani abu ya tare shi. Galileo, masanin kimiyya na Italiya, ya gwada gangarowar ƙwallaye ya wallafa sakamakon a 1638, sannan Newton, masanin kimiyya na Ingila, ya tsara dokokin motsi guda uku a 1687, waɗanda ɗalibai suke haddacewa har yau. Dokar farko ita ce take bayyana dalilin da fasinja yake dungurawa gaba idan an taka birki, domin motar ce ta tsaya, jikinsa bai tsaya ba.

Abin da ba a cika koyarwa ba shi ne cewa dokokin nan sun bar tambaya guda a buɗe: nawa ne ƙarfin da abu mai tafiya yake ɗauke da shi? Mabiyan Descartes, masanin falsafa na Faransa, da mabiyan Newton, duk da saɓanin da ke tsakaninsu, sun haɗu a kan cewa a ninka nauyi da gudu, shi ke nan. A lissafinsu, wanda ya ninka gudunsa biyu ya ninka ƙarfinsa biyu. A 1686 Leibniz na ƙasar Jamus ya ce ba haka ba ne, sai an ninka gudun da kansa tukuna kafin a ninka da nauyi, ma'ana ninki biyu na gudu yana haifar da ninki huɗu na ƙarfi. Aka shafe shekaru ana rubuce-rubucen raddi, har abin ya koma kamar rigimar ƙasa da ƙasa.

Wanda ya sauya akalar zancen malamin jami'a ne a birnin Leiden na ƙasar Holan, Willem Gravesande, wanda shi kansa na hannun daman koyarwar Newton ne, ya ma rubuta littafin yaɗa ta. A 1722 ya tanadi yumɓu mai laushi ya baje shi sumul, ya samo ƙwallayen tagulla masu girma ɗaya amma nauyi daban-daban, ya riƙa sakin su daga tsawo iri-iri suna faɗawa a kan yumɓun. Hikimar gwajin ita ce yumɓu ba ya mayar da bugu. Duk ƙarfin da ƙwallo ta zo da shi a nan yake ƙarewa, ya bar rami da za a iya aunawa a tsanake bayan komai ya lafa. Ya tarar cewa ƙwallo mai rabin nauyi, idan aka sake ta daga ninki biyu na tsawo, rami ɗaya suke bari da mai nauyin. Tun zamanin Galileo kuwa an san sai an ninka tsawo huɗu kafin gudun faɗuwa ya ninka biyu, saboda haka ramin yana bin gudu sau gudu ne, kamar yadda Leibniz ya faɗa. Giovanni Poleni ya riga ya ga irin wannan a Italiya a 1718 da ya yi amfani da daskararren kitse, amma shaidar Gravesande ta fi tsayawa a zukata, domin ta fito ne daga bakin wanda ya so a ce ɓangarensa ne da gaskiya. Ya bayyana sauya matsayinsa a rubuce, ya sha suka daga wasu abokan tafiyarsa na Ingila, bai janye ba.

Émilie du Châtelet, Bafaranshiya masaniyar lissafi wadda daga baya ta fassara babban littafin Newton zuwa Faransanci, ita ce ta ɗauki wannan gwaji ta kare shi a littafinta na 1740, ta kuma yi musayar raddi a kansa da sakataren cibiyar kimiyya ta Faris a 1741. A hankali aka gane cewa kowane ɓangare abu daban yake aunawa. Nauyi sau gudu yana faɗin tsawon lokacin da birki zai ɗauka kafin ya tsayar da abu, shi kuwa gudu sau gudu yana faɗin nisan da zai ci kafin ya tsaya, da girman ɓarnar da zai yi idan bai samu wannan nisan ba. A ganina nan ne tushen gardamarmu ta yau: direba yana kallon maleji, wanda yake hawa ɗaya bayan ɗaya, alhali hanya da ƙarfen mota da ƙashin ɗan Adam suna karɓar lissafi na biyu.

A kan busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana bukatar kusan mita 14 daga taka birki zuwa tsayawa. Mai gudun 100 tana bukatar kusan mita 55, mai gudun 120 kusan mita 80, ban da mita 28 zuwa 33 da suke shafewa a cikin daƙiƙa guda kafin ƙafa ta sauka daga totur ta hau birki. Idan motoci biyu suka jera, ɗaya a 100 ɗaya a 120, suka taka birki a wuri guda saboda tirela ta lalace a gabansu, a daidai inda ta farko ta tsaya cak, ta biyun tana nan tana tafiya da gudun kusan kilomita 66 a awa. Ƙwarewar direba tana iya rage daƙiƙar farko, amma ba ta taɓa wannan lissafin.

Wannan ne ya sa nake ganin muna yawan tsayawa a kan abin da ido ya fi gani. Bas ɗin da aka yi wa lodi har ta durƙusa kowa zai nuna ta da yatsa a tasha, kuma da gaskiyarsa, domin lodi yana gajiyar da birki da taya. Sai dai ƙarin kashi ɗaya bisa biyar na nauyi yana ƙara ƙarfin karo da kashi 20 cikin ɗari ne, yayin da ƙarin kashi ɗaya bisa biyar na gudu yake ƙara shi da kashi 44, kuma wannan ba mai ganinsa daga bakin hanya. Fasinjan da zai yi ƙorafi a kan lodi shi ne sau da yawa zai ce wa direba ya ƙara wuta, direban kuma yana lissafin balas da sawu nawa zai iya yi kafin dare. Rami da tsohuwar taya suna jawo hatsari, amma gudun da aka same su da shi ne yake yanke ko za a fito da rauni ko da gawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta mutuwar mutum kusan miliyan 1.19 a kan hanyoyi duk shekara a rahotonta na 2023, ta ce ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin karo mai kisa da kashi 4. Ana iya ci gaba da jayayya a kan ko na'urar ƙayyade gudu ce mafita, da wanda zai biya kuɗinta, da yadda za a yi da hanyoyin da ba su da tsaro, amma batun ko 100 da 120 ɗaya ne an auna shi tun 1722.