Waiwaye: Yadda masassaƙan Indiya suka yi ta sauya wa Durga kama

A shekarar 2023 Holan ta mayar wa Indonesiya wasu kayan tarihi da aka kwashe a zamanin mulkin mallaka. Cikinsu har da wani gunkin dutse na ƙarni na 13 daga Singasari, a gabashin tsibirin Jaba: mace mai hannuwa takwas, tsaye a gadon bayan ɓauna. Durga ke nan, wadda mabiya addinin Hindu ke bauta wa a matsayin gwarzuwar yaƙi. Kafin siffarta ta ƙetare teku ta isa Jaba, ta shafe ɗaruruwan shekaru tana sauya kama a hannun masassaƙan Indiya.

A labarin mabiya Hindu, wani aljani mai suna Mahisha, mai rikiɗa ya zama ɓauna, ya fatattaki allolinsu daga mazauninsu. Sai suka haɗa ƙarfinsu wuri guda, mace ta fito, kowa ya miƙa mata makaminsa. Dalilin yawan hannuwan ke nan. Littafin Devi Mahatmya, na wajejen ƙarni na 6, shi ya tsara labarin, amma sassaƙa ta girme shi. A Mathura, zamanin daular Kushan, an riga an yi ƙananan siffofi inda take danne ɓaunar da hannu, kamar mai kokawa da dabba. A kogon Udayagiri kusa da Bidisha, mai rubutun da ya dace da shekarar 401 ko 402, hannuwanta sun kai goma sha biyu.

Daga nan kowane yanki ya kama gabansa, kuma bambancin yana wuri biyu: wane lokaci na faɗan masassaƙi ya zaɓa, kuma da wace kama ya fito da abokin gaba.

'Yan daular Chalukya a Badami, ƙarni na 6, sun zaɓi kisan kansa. Ta kama wutsiyar ɓauna, ta taka kanta, ta soka mashi mai baki uku, fuskarta kuwa ko a jikinta. A Mamallapuram da ke gaɓar tekun Tamil Nadu, masassaƙan daular Pallawa na ƙarni na 7 sun ƙi nuna kisan gaba ɗaya. Tana kan zaki, siririya, ta ɗana baka, gajerun mayaƙanta na kutsawa a kewaye da ita. Mahisha a nan jikin mutum gare shi da kan ɓauna, ya fi ta girma nesa ba kusa ba, riƙe da kulki, har an ɗaga masa laimar sarauta. Sai dai jikinsa ya karkata baya, wasu daga mutanensa sun zube. Ba a taɓa shi ba tukuna, amma mai kallo ya san inda za a kwana. A ganina babu wanda ya kamo ƙafar wannan aiki, duk da an kwaikwayi tsarinsa a haikalin Kailasa na Ellora a ƙarni na 8.

A ƙasar Tamil ɗin dai akwai wata siffa da babu faɗa cikinta ko kaɗan. A bangon arewa na haikalan daular Chola, tana tsaye cak a kan yankakken kan ɓauna, ƙura ta lafa. Masana na danganta wannan da Korrawai, tsohuwar abar bautar yaƙi ta Tamilawa da aka haɗe da Durga.

Irin dutsen ma ya yi tasiri. Pallawa da Chola dutse mai tsananin tauri suka sassaƙa, don haka ado kaɗan ne. 'Yan daular Hoysala a Belur da Halebidu, ƙarni na 12, sun samu dutse mai laushi da ke karɓar ƙaramin zane, sai suka cika ta da sarƙoƙi da awarwaro har mutum ya rasa inda faɗan yake. A Bengal, inda dutse ke wuya, gasasshen yumɓu aka yi amfani da shi, kuma can hannuwa goma suka zauna, irin waɗanda ake gani a bikin Durga Puja na Kolkata, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerinta na al'adun gargajiya na duniya a 2021.

Mutanen Jaba kuwa sun mai da Mahisha ɗan mitsitsin dodo da ke fitowa daga wuyan ɓauna, ta cafke gashin kansa. A Prambanan, haikalin ƙarni na 9, bayan mazauna yankin sun bar addinin Hindu, gunkin ya samu wani suna da wani labari: Loro Jonggrang, gimbiyar da aka tsine wa ta zama dutse.