Kwamfuta da duba amsoshin kemistiri: tambayoyin da na gaji da amsawa

Malamai 'yan'uwana, kuna ta tambayata game da manhajar kwamfuta da ke ba rubutattun amsoshin ɗalibai maki; ga amsoshin a wuri ɗaya. Don Allah kar a sake tare ni da su a ɗakin malamai.

Irin na JAMB ne?

A'a. Na JAMB canki-canka ne, kwamfuta na duba harafin da ɗalibi ya zaɓa. Nan kuwa bayani yake rubutawa da kalmominsa.

To yaya take sanin amsa daidai ce?

Ba ta sani ba. Malamai ke fara ba ɗaruruwan amsoshi maki, a loda mata, ta lura da irin kalmomi da jimlolin da ke tafiya da kowane maki. Sannan a gwada ta da amsoshin da ba ta taɓa gani ba, a ga sau nawa makinta ya yi daidai da na mutum. In malaman sun yi sakaci, sakacin za ta haddace.

Sabon abu ne?

Ina! Wani masanin ilimi mai suna Ellis Page ya fara wannan aiki a Amurka tun 1966. A Jami'ar Jihar Michigan an daɗe ana gwada shi a kan gajerun amsoshin kimiyya.

Yaron da ya fahimci darasi amma Turancinsa ya gaza fa?

Wannan ce tambayar da ta kamata ku fara yi. Ɗauki gishiri a cikin ruwa. Mu a Hausa narkewa muke cewa, haka ma ƙanƙara a rana ko man shanu a wuta. Turanci kuwa kalmomi biyu gare shi, "dissolve" na gishiri da "melt" na ƙanƙara, kemistiri kuma ya raba su sarai. Yaron da ke tunani da Hausa zai iya ɗauko kalmar ƙanƙara ya ɗora wa gishiri, alhali ya bayyana daidai yadda ruwa ke kewaye sodiyam da kulorayid, sinadaran da suka haɗu suka zama gishiri, ya raba su. Malamin da ya san yaransa zai gane inda aka zame, ya rage masa maki kaɗan. Manhajar da aka horar da rubutun yaran wata ƙasa tana iya jefa shi cikin waɗanda ba su gane ba. Ban ce dole ta yi haka ba. Ya danganta da amsoshin da aka ciyar da ita, kuma sababbin manhajoji sun fi na da lura da ma'anar jimla. Akasin haka ma na faruwa: wani ya jero makamashi, atom, lantarki, ya ce tsinka haɗin da ke tsakanin atom biyu na fitar da makamashi, alhali shan makamashi yake yi, ƙulla haɗin ne ke fitarwa. Kalmomi sun cika, ma'ana ta kife. Shawarata, gwada ta da takardun ajinka da ka riga ka duba, ka karanta duk inda kuka saɓa. Makin da zai shiga sakamakon zango kuwa, kar ya fita sai idon mutum ya bi ta kansa.

Za a iya yaudararta?

Ƙwarai. A 2014 Les Perelman na jami'ar MIT da ke Amurka da wasu ɗalibai sun ƙera manhajar da ke zubo surutu marar ma'ana, injinan duba insha'i suna ba shi maki mai yawa.

Za ta ƙwace mana aiki?

Kwantar da hankalinka, Malam. Amfaninta a aji mai cunkoso shi ne ta ware maka waɗanda ke da kuskure iri ɗaya kafin darasin gobe. Gyaran kuskuren naka ne.

Zanen da yara ke yi da biro fa?

Kai za ka duba shi. Sai an mayar da takarda hoto, an karanta rubutun hannu, kuma ka san rubutun 'yan ajinka.