Karatun kiwon shanun nama a kwaleji: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya tashi cikin shanu, me kwaleji za ta ƙara masa?

Awo da rubutu. Makiyayi ya san dabbarsa da ido, amma ido ba ya faɗa masa ko dusar da ya saya ta zama nama. A kwaleji ɗalibi zai zagaya tef a ƙirjin bijimi, daf da bayan ƙafafun gaba, ya ƙiyasta nauyinsa, ya rubuta, ya sake bayan sati biyu. Zai kuma koyi buɗe baki ya karanta shekaru: manyan haƙora biyu na farko suna fitowa wajen shekara 2, baki ya cika a shekara 4 zuwa 5.

A ina ake karatun?

Akwai kwalejin tarayya ta lafiyar dabbobi da kiwo da ke Vom a jihar Filato, da ta Mando a Kaduna, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ƙaramar difloma shekara 2 ce, babba ta ƙara 2. Wanda ya samu damar koyon aiki a NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, kada ya yi wasa da ita.

Yaya ake lissafin abinci?

Sa yana cin busasshen abinci kashi 2.5 zuwa 3 cikin ɗari na nauyinsa a rana. Mai kilo 300 ke nan zai ci kilo 7.5 zuwa 9, harawa da dusa da kowar wake a haɗe, ga ruwa lita 30 zuwa 40 lokacin zafi. Kara shi kaɗai cika ciki yake yi. Shi ya sa ake koyar da jiƙa shi da takin yuriya: kilo 4 a narke cikin ruwa, a yayyafa wa kara kilo 100, a rufe ruf da leda sati 3, a shanya kafin a bayar. Yuriyar da ba ta narke ba, in dabba ta lasa, guba ce.

Me ya fi ɓata wa masu turka, wato ɗaure sa a ciyar da shi ya yi ƙiba, aiki?

Gaggawa. A sayo Bunaji ko Bokoloji daga kasuwa, a cika masa kwano da dusa da hatsi ranar farko. Tumbinsa bai saba ba, sai ya yi tsami. Sa ya daina tuƙa, ya kama gudawa, wani ma ciki ya kumbura ya mutu. Ana ƙara dusar ne kaɗan-kaɗan cikin sati 2 zuwa 3. Kafin nan a ba shi maganin tsutsa da na hanta, a cire kaska, a ware shi daga garke, don ciwon huhu da boru (ciwon baki da kofato) ta baƙuwar dabba suke shigowa. Turkar kanta kwana 90 zuwa 120 ce.

Garken haihuwa fa?

Bijimi ɗaya ga shanu kamar 25. Ciki kwana 280 zuwa 290 ne. Littafin garke zai nuna ranar barbara da ranar haihuwar kowace saniya, kuma wadda ta yi ɓari, a kira likitan dabbobi ya gwada ta ko bakkale ne, wato cutar da ke sa shanu ɓari, domin cutar tana kama mutane ta ɗanyen nono.