Zaman Gida da Hutu a Lokacin Kirsimeti

Zaman gida a lokacin Kirsimeti ya ƙunshi duk hidimar da iyali ke yi a cikin gidansu daga farkon Disamba zuwa makon farko na Janairu, wato ƙawata ɗakuna, girki, karɓar baƙi, musayar kyaututtuka, wasanni da kuma hutun kansa. Bikin na Kiristoci ne, na tunawa da haihuwar Yesu Almasihu, kuma shaida mafi tsufa ta yin sa ranar 25 ga Disamba ta fito ne daga birnin Rum a shekarar 336. Majami'un Rasha, Sabiya, Habasha da na Kibɗawan Masar suna yin nasu ranar 7 ga Janairu, saboda bambancin kalanda. A ƙasashe da yawa har waɗanda ba sa zuwa coci suna shiga hidimar, domin makarantu da ofisoshi a rufe suke, kowa yana gida.

Yadda bikin ya koma cikin gida

Mutane da dama suna ɗaukar al'adun gida na Kirsimeti a matsayin gadon kaka da kakanni, alhali yawancinsu ba su kai shekara 200 da yaɗuwa ba. A tsohuwar Turai bikin na waje ne: ana cika coci, ana cika titi, ana ci ana sha har abin ya wuce kima. Wannan hayaniya tana cikin dalilan da suka sa majalisar dokokin Ingila ta soke bikin a 1647, kuma yankin Massachusetts na Amurka ya haramta shi daga 1659 zuwa 1681, har da tarar sule 5 ga duk wanda aka kama yana yi.

A ƙarni na 19 ne lamarin ya juya. Masana'antu sun kwashe mutane daga ƙauyuka zuwa birane, jirgin ƙasa ya ba su damar komawa ganin gida, aika wasiƙa kuma ya yi araha. A 1843 wani ɗan Ingila mai suna Henry Cole ya sa aka buga katin gaisuwar Kirsimeti na farko na sayarwa a Landan, guda 1,000. A 1848 jaridar Illustrated London News ta buga zanen Sarauniya Victoria ta Birtaniya da mijinta Albert da 'ya'yansu kewaye da bishiyar da aka ƙawata, al'adar da Jamusawa suka daɗe da ita tun ƙarni na 16. Daga nan masu hali suka kwaikwaya, talakawa suka bi sahu. Hutun hukuma ma daga baya ya zo: Amurka ta mai da ranar hutun tarayya a 1870, Scotland kuwa sai a 1958.

Ƙawata gida

Aikin yakan fara da sauko da kwalin kayan ado daga inda aka jefa shi bara. A ciki za a tarar da wayar fitilu ta sarƙe, wasu ƙwallayen gilashi sun fashe, ga tauraron takarda da yaro ya yanka tun yana firamare, wanda uwa ba ta yarda a zubar ba. Warware wayar kaɗai takan cinye yamma guda, kuma a nan ake fara hirar hutu. Kafin wutar lantarki kyandir ake liƙawa a rassan bishiyar, abin da ya sha jawo gobara. A 1882 Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, fitaccen mai ƙirƙirar kayan lantarki, ya fara ɗaura wa bishiya ƙwan lantarki a gidansa da ke New York. Har yau ɗanyar bishiya tana bukatar a riƙa zuba mata ruwa a gindi, domin idan ta bushe, nan da nan take kama wuta.

Gidaje masu riƙo da addini sukan kafa ɗan siffar wurin haihuwar, da jariri a komin dabbobi, al'adar da ake dangantawa da Waliyyi Francis na Assisi a garin Greccio na Italiya a 1223. Yara kuma suna da kalanda mai ƙananan tagogi 24, ana buɗe ɗaya kowace safiya har jajibiri.

Girki da cin abinci tare

Babu abin da ke haɗa iyali a wannan lokaci kamar teburin abinci, sai dai ranar da abin da ake ci sun bambanta ƙwarai. A Poland daren 24 ne babba: ba a fara ci sai an ga tauraro na farko, ana jera abinci iri 12 babu nama, kuma ana barin faranti ɗaya da kujera domin baƙon da ba a zata ba. A Filifin iyali kan zauna cin abinci ne bayan dawowa daga addu'ar tsakar dare. A Birtaniya gasasshen talotalo ne da ranar 25. A Japan, inda Kiristoci 'yan tsiraru ne, tallar da kamfanin KFC ya ƙaddamar a 1974 ta mai da soyayyar kaza abincin ranar, har mutane kan yi oda makonni kafin lokaci.

Akwai abin da ya kamata a faɗa a fili: hutun wasu aikin wasu ne. Cefane, yanka, dahuwa, shimfiɗa wa baƙi, tuna wa za a yi wa kyauta da abin da yake so, wanke-wanke bayan kowa ya miƙe ƙafa, a mafi yawan gidaje duk a kan mata yake faɗawa. Mai girkin takan kasance ta ƙarshe da za ta zauna, ta farko da za ta tashi. Gidan da aka raba aikin tun da wuri, wannan ya zo da tukunyarsa, wancan ya ɗauki wanke-wanke, shi ne ke fita daga hutun ba tare da ɓacin rai ba.

Kyaututtuka

A Jamus da ƙasashen Sikandinebiya da yammacin 24 ake buɗe kyauta, a Birtaniya da Amurka sai safiyar 25. Yaran Holan sukan karɓi tasu tun 5 ga Disamba, na Sifen kuma bisa al'ada sai sun jira 6 ga Janairu. A Iceland littafi ne kan gaba, al'adar da ta samo asali lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da kayan waje suka yi wuya amma takarda ba ta yi ƙamfa sosai ba. Mutane kan raba dare suna karanta abin da aka ba su.

Kwanakin hutu

Ainihin hutun yana tsakanin 26 da 31 ga Disamba. An gama manyan hidimomi, ga sauran abinci a firji, ba mai tashi da ƙararrawar agogo, har mutum kan manta ko yau wace rana ce. A nan ake fito da karta, lido da wasan haɗa gutsattsarin hoto, wanda akan baza a tebur kwana da kwanaki, duk wanda ya gifta ya sa ɗaya ya wuce. Darajar irin waɗannan wasanni ita ce kaka da jika suna iya zama a kansu a matsayi ɗaya, abin da ba kasafai ake samu ba a sauran shekara.

Rediyo da talabijin sun daɗe da samun gurbi a wannan zama. Sarki George na Biyar na Birtaniya ya fara jawabin Kirsimeti ta rediyo a 1932, a 1957 kuma aka fara nuna jawabin Sarauniya Elizabeth ta Biyu a talabijin, har yau gidaje da yawa a Birtaniya kan kalli jawabin sarkin ƙasar da ƙarfe 3 na rana. Wasannin ƙwallon ƙafa na Ingila ranar 26 ga Disamba suna da masu kallo a duk duniya, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, tana buga wasa ranar Kirsimeti tun 1947, a birnin Melbourne na Ostireliya kuma ranar 26 ake fara babban wasan kurket.

Yanayi shi ne ke tsara sauran. A arewacin Turai da Kanada dare yana da tsawo, sanyi yana kora kowa ciki, fita ba ta wuce ɗan tattaki bayan cin abinci. A Ostireliya, Brazil da Afirka ta Kudu lokacin zafi ne, don haka zaman kan koma tsakar gida ko bakin teku, ana gashi a waje.

Waɗanda hutun bai kai gare su ba

Ma'aikatan asibiti, 'yan kwana-kwana, direbobi da masu gadi suna bakin aiki, iyalansu kan ɗage bikin zuwa ranar da suka samu sarari. Wanda ke zaune shi kaɗai, ko ya yi rashi cikin shekarar, yakan ji kaɗaici ya ninka, tunda duk inda ya juya maganar iyali ake yi. Shi ya sa majami'u da ƙungiyoyin agaji a birane da yawa ke shirya cin abinci na bai ɗaya. Masu dangi a nesa sun koma kiran bidiyo, ana jingina waya a jikin kofi domin na can ya ga yara suna buɗe kyauta. Bashin da aka ci domin fita kunya kuwa a Janairu yake bayyana.

Kwance ado

A yawancin ƙasashen Yamma ana sauke kayan ado ranar 5 ko 6 ga Janairu, ƙarshen kwanaki 12 na bikin. Mutanen Sweden sukan jira har 13 ga Janairu, wasu gidajen Katolika kuma har 2 ga Fabrairu. A birane da dama hukumar tsafta tana sa ranar kwashe busassun bishiyoyi, a niƙe su a yi taki da su ko a baza a lambunan gari.