Yaron da bai taɓa kama kwamfuta ba, ga shi a gaban jarrabawar JAMB

Ai yanzu kowa na da waya. To ina giɓin da ake cewa akwai tsakanin ɗan birni da ɗan ƙauye wajen sanin na'ura yake?

Gaskiya ne, tun da layin GSM ya shigo Najeriya a 2001 waya ta ratsa har rugage. Sai dai waya suna ta tara. Ƙaramar nan mai madannai kira take yi, ta kama rediyo, ta haska hanya da dare, shi ke nan. Mai babbar waya ma ba a nan gizo ke saƙar ba: sai da caji, sai da data, sai da sabis. Ka leƙa rumfar mai caji ranar kasuwar ƙauye, za ka ga janareta na ruri, wayoyi jere a kan katako kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba. Wanda sai ya biya kafin wayarsa ta kama wuta ba zai zauna yana kallon darasin lissafi a YouTube ba.

Me ya haɗa wannan da JAMB?

Tun 2015 hukumar ta daina jarrabawar shiga jami'a da fensir da takarda, komai ya koma kwamfuta. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu. Ɗan makarantar kuɗi a Abuja ko Nasarawa ta Kano ya saba da allon tun yana firamare, ya yi ta gwada tsofaffin tambayoyi a gida. Ɗan makarantar gwamnati ta ƙauye kuwa, sau da yawa a allon aji kawai malami ya zana masa kwamfuta da alli. Na taɓa ganin wata yarinya a wurin gwaji ta ɗaga linzamin kwamfutar sama tana nuna allo da shi kamar rimot. Ta san karatunta sarai, tsoron na'urar ne ya cinye mata mintunan farko. Wannan abin yana ci mini rai, domin makin da za ta samu ba iliminta kaɗai ya auna ba.

Kafin ma a kai nan, rajistar kanta sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN tun 2021, sannan a hau mota zuwa garin da cibiyar JAMB take.

Shin hukumar ba ta sauƙaƙa ba?

Ta yi ƙoƙari. Ana iya amsawa da madannai takwas kacal ba tare da linzami ba: A, B, C, D don zaɓi, N da P don gaba da baya, S da R wajen miƙa amsa. Akwai kuma jarrabawar gwaji, amma biya ake yi, kuma zama ɗaya ba ya kore baƙunta.

Me ya hana kamfanoni kai sabis mai ƙarfi karkara?

Lissafin riba. Manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da Equiano, a Legas suka sauka. Jawo su zuwa Arewa sai an haƙa ɗaruruwan kilomitoci, ana biyan jihohi kuɗin ratsa hanya. Ƙarfen sabis kuma dizal yake sha dare da rana saboda ƙarancin wuta, ga maigadi, ga ɓarayin batir. Inda mutane ke sa katin ɗari biyu a mako, kamfani ba ya ganin ranar mayar da kuɗinsa. Don haka ne dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF domin tallafa wa irin waɗannan wurare, amma har yau akwai garuruwan da sai an hau tudu ake amsa kira.

Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. A Satumbar 2021 an katse sabis a duk faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga, daga baya wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna suka bi sahu. Mai hali ya shiga mota ya tafi inda sabis yake ya gama harkarsa. Talaka ya zauna.

Kuɗin data fa?

A Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne, ga wanda ma yake da albashin. Uban da ke auna masara da data ya san wadda zai saya.

To a koma takarda ke nan?

A'a, ba na goyon bayan haka. Kwamfuta ta rage satar amsa, sakamako kuma yana fitowa da wuri. Abin da nake ƙi shi ne a gwada yaro da abin da ba a taɓa ɗora masa hannu a kai ba. WAEC ma ta fara jarrabawar kwamfuta a 2024 da masu zana ta kai-da-kai, ke nan abin gaba yake yi. Kowace sakandaren gwamnati tana buƙatar ɗaki mai sola da kwamfutocin da ke aiki, da malamin da zai buɗe shi kowane mako, ba a kulle shi a lulluɓe da leda sai ranar da manyan baƙi za su zo ba.