Gonakin Inabi na Kwarin Luwar

Kogin Luwar ne mafi tsawo a Faransa, kimanin kilomita 1,000 daga tsaunukan tsakiyar ƙasar zuwa Tekun Atlantika. Gonakin inabi sun bi gaɓarsa da ta rassansa, a yankin da ke dab da iyakar arewa ta inda inabi ke iya nuna. Shi ya sa sanyi ya yi tasiri ƙwarai a kan abin da ake shukawa.

A yamma, kusa da birnin Nantes, tsananin hunturun 1709 ya kashe kurangu da yawa, sai manoma suka rungumi irin Melon de Bourgogne mai jure sanyi. Daga shi ake yin farar giyar Muscadet, wadda akan bari a kan yis ɗin da ya kwanta a gindinta har hunturu ya wuce. A gabas kuwa, a Sancerre da Pouilly, farin inabin Sauvignon blanc ne ya mamaye. A da jan inabi ya fi yawa a Sancerre, sai ƙwaron filoksera ya cinye saiwoyi a ƙarshen ƙarni na 19. Maganin da aka samu shi ne auren itace, wato a ɗora reshen Turai a kan saiwar kurangar Amurka.

Tsakiyar kwarin, Anjou da Saumur da Touraine, ita ce ta fi abin faɗa. Jar giyar Chinon da Bourgueil daga inabin Cabernet franc take, wanda mutanen wurin ke kira breton. Amma Chenin blanc ne gwarzon yankin: daga iri ɗaya ake samun giya marar zaƙi, da mai kumfa, da mai zaƙi kamar zuma. A bakin rafin Layon, hazon kaka kan kawo wata fumfuna da ke tsotse ruwan 'ya'yan ta bar sukarin, don haka masu girbi kan zagaya gona sau da dama, suna tsinkar waɗanda suka yamutse kawai.

Farin dutsen tuffeau da aka haƙa aka gina fadojin sarakuna ya bar dogayen ramuka masu sanyi rani da damina. A ciki ake ajiye kwalabe, wasu ma a noma naman kaza. A 2000 UNESCO ta sa sashen da ke tsakanin Sully-sur-Loire da Chalonnes cikin wuraren tarihi na duniya.

Har yau sanyin Afrilu ne fargabar manoma. A 2021 sun kwana suna kunna manyan kyandirori a tsakanin layukan kurangu don kada tohon ya daskare.